Wa ya ce ɗan Korgom sai sashen A?

Kowace shekara idan sakamakon BEPC ya fito, akwai wata magana da nake ji daga bakin iyaye da malamai har na haddace ta: “A kai shi sashen A, ya samu bak ɗinsa cikin sauƙi.” Da muryar tausayi ake faɗinta, kamar ana sauke wa yaro kaya. Ni dai na daina ɗaukarta tausayi. Rufe ƙofa ce, kuma mu malamai da iyaye mu ke riƙe da makullin.

Ga abin da uba da yawa a Korgom da ƙauyukan Tasawa da Mayahi ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa ba. Yaro idan ya shiga lise, hanya biyu ce a gabansa tun ajin farko: A ta adabi da harsuna, ko C ta lissafi da kimiyya, wadda daga baya take rabuwa C da D. Sashen koyon likita a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram bak na kimiyya yake nema. Makarantar injiniyoyi ta EMIG ma haka, kuma sai an yi gasa. Ke nan ranar da aka rubuta A a gaban sunan yaro ɗan shekara 16, ranar aka yanke cewa ba zai zama likita ba, ba zai zama injiniya ba. Uban yana gona, bai ma san an yi zaman ba.

Na ga wannan da idona a wata makaranta da na koyar. Akwai wata yarinya da ta fi kowa lissafi a ajinta, irin wadda kafin ka gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu. Da aka zo zaɓen sashe, wani abokin aikina ya ce mace ce, ba a san ranar da za a zo neman aurenta ba, gara a ba ta abin da za ta gama da wuri. Aka yi dariya, aka wuce suna na gaba. Ina wurin, ban ce uffan ba. Bayan shekara uku ta zo ta same ni da takardar bak a hannu, tana murna, ta ce: “Malam, ina ake ajiye takardun shiga likita?” Har yau ina jin nauyin amsar da na ba ta.

Kada wani ya ce na raina sashen A. Daga nan alƙalai da ƴan jarida da malaman tarihi suke fitowa, kuma yaron da zuciyarsa ke can, a bar shi can. Abin da nake faɗa da shi shi ne mai da A mafaka. Mu faɗi gaskiya mana: makaranta tana son a ji kashi nawa cikin ɗari suka ci jarabawa, malami ba ya son a ce ajinsa ya zube. Sai a kare sunan makaranta da makomar yaro.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jinta. Za a ce malaman lissafi da fizik sun yi ƙaranci a karkara, babu ɗakin gwaji, wasu azuzuwan na zana ne sai an yi girbi ake kafa su, shekara ta tafi kafin a fara. Duk gaskiya ne. A 2024 ma sai 28 ga Oktoba aka koma makaranta saboda ambaliya. To amma wa ya ce maganin ƙarancin malami shi ne a rage wa yaro buri? Idan rijiya ta yi zurfi igiya ake ƙarawa. Ƙungiyar iyaye da ke iya haɗa kuɗin biki da na gaisuwar manya tana iya haɗa na malami ɗaya da zai zauna da yara goma ranar Asabar. Ɗalibanmu da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi suna dawowa gida hutun damina. Wa ya taɓa roƙonsu su riƙe ƙannensu ko da wata ɗaya?

Kuma mu daina magana kamar ƙasar nan ba ta taɓa haifar masanin kimiyya ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya bi ta William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa, ya ci gasar agregasiyon ta fizik a 1956, ya dawo ya yi shekaru yana binciken makamashin rana. A zamanin da lise ma sai an ƙetare ƙasa ke nan. Yaranmu nawa suka san ɗan yankinsu ne?

Sai kuma maganar “ya dai samu”. Bak da maki 10 daidai bak ne, ba musu, amma wuraren da ake rububi ba sa kallon wanda ya tsallake da ƙyar. Guraben karatu a Maroko da Aljeriya da ke bi ta hukumar ANAB, maki ake dubawa, a duba shekaru. Tsakanin 10 da 14 akwai shekara uku na aikin kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai watan Mayu na ajin ƙarshe muke farkawa, a shiga neman darasin dare da rubutun sha. Addu'a wajibi ce, ni ma ina yi wa ɗalibaina. Sai dai ba ta koya wa yaro darasin da ba a yi masa a shekarar farko ba.

Shekarun nan ma abin lura ne. Yaron da aka sa lakwal a makare, ko wanda aka yanko wa takardar haihuwa a kotu aka rubuta shekarar da ta zo baki, yana iya fin kowa maki a ce ya wuce shekarun shiga gasa. Lycée d'Excellence na Yamai bayan BEPC ake gasarsa, amma sanarwar kan iso ƙauye bayan an rufe karɓar takardu, idan ma ta iso.

Iyaye kuma, ku je ku ga inda ɗanku yake kwana. An kai yaro birni an ajiye wurin ɗan'uwa, shi ne ɗibar ruwa, shi ne tsaron shago har dare, sa'an nan a ce ba shi da kai. Buhun gero da aka aika bai isa ba. A tambaya ko yana da fitila da awa biyu nasa na kansa.

Bana akwai yara uku a ajina da na san za su iya C, biyu mata ne. Na riga na je gidan ɗaya, mun zauna da mahaifinta a zaure har aka kira la'asar. Ya ce zai yi shawara da ƴan'uwansa. Saura gida biyu, kuma a zaman zaɓen sashe na bana zan yi magana.