Mai Sumewa A Layi Ba Raki Yake Yi Ba

Da wuya a samu makarantar da zango zai ƙare ba a ji "ta faɗi! ta faɗi!" a filin taron safe ba, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke fitowa da zafinta tun ƙarfe takwas. Nan take sai layi ya wargaje, wani ya ruga neman ruwa, wani ya ce a kawo albasa, 'yan baya kuma su fara raɗa: ko raki ne don a guje wa darasin lissafi, ko kuma aljanu ne. Wanda ya faɗi zai farfaɗo cikin minti guda, amma maganganun sai su bi shi har ƙarshen shekara.

Ku fara da wannan tambayar: wa ke gaya wa zuciyarku ta buga yayin da kuke barci? Akwai rukunin jijiyoyi a jiki da ke aiki da kansu ba tare da izininku ba. Su ke kula da bugun zuciya, da ƙarfin gudun jini, da zufa, da narkar da abinci. Kashi biyu ne. Ɗaya kamar totur yake, shi ke sa gabanku ya riƙa dukan uku-uku idan malami ya shigo da takardun jarrabawa. Ɗayan kamar birki, shi ke kwantar da jiki bayan an ci an ƙoshi.

Duk lokacin da kuka miƙe tsaye, kusan rabin lita na jini yana gangarawa zuwa ƙafafu da ciki. Waɗannan jijiyoyi ne ke matse hanyoyin jinin, su ƙara wa zuciya sauri kaɗan, domin ƙwaƙwalwa ta ci gaba da samun rabonta. Idan aka daɗe a tsaye wuri ɗaya, ga zafi, ga ciki babu ko koko, sai wani lokaci lissafin ya rikice: a taka birki a inda ya kamata a taka totur. Zuciya ta rage gudu, hanyoyin jini su saki, jinin da ke zuwa kai ya ragu. Ƙwaƙwalwa ba ta da haƙuri a kan wannan, daƙiƙa shida zuwa takwas sun ishe ta ta ɗauke. Da mutum ya kwanta a ƙasa, jini ya koma kai, sai ya buɗe ido. Ganin jini, tsoron allura ko mummunan labari ma suna jawo haka. Kuma ba ragwanta ba ce: a watan Yunin 2023 sojojin fadar Ingila, ƙarti horarru, sun yi ta zubewa a filin fareti a Landan saboda tsayuwa cikin zafi.

Jiki yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi. Jiri, duhu-duhu a ido, ƙara a kunne, zufa mai sanyi, tashin zuciya, hamma babu dalili. Idan kun ji haka kada ku tsaya jin kunyar firifet. Ku zauna ku sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, ko ku kwanta. Ƙurar da za ta ɓata yunifom ta fi fashewar kai a kan siminti sauƙi. In babu halin zama, ku harɗe ƙafafu, ku ɗaure tsokar cinya da ta ciki, ku dunƙule hannu da ƙarfi. Wannan yana tura jini sama.

Ku kuma abokai, kuskuren da aka fi yi shi ne a tallafe wanda ya suma a zaunar da shi, ko a riƙe shi tsaye. Hakan jinkirta farfaɗowa yake yi. A shimfiɗe shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa a kan benci ko jaka, a sassauta abin da ya matse wuya, a ja baya ya samu iska. Kada a ɗura masa ruwa a baki kafin ya dawo hayyacinsa sosai, don zai iya shaƙewa. Kada a cusa cokali. Addu'a ba ta hana ɗaga ƙafa, a haɗa su biyun.

Akwai kuma waɗanda abin ba na rana ɗaya ba ne a gare su. Kullum suka miƙe sai zuciya ta hau gudu, kai ya yi nauyi, karatu ya ƙi shiga. Likitoci suna kiran ɗaya daga cikin irin wannan larura POTS, sunan da masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka sa mata a 1993. Alamarta ita ce bugun zuciya ya ƙaru da 30 a minti cikin minti goma na tsayuwa, ga masu shekara 12 zuwa 19 kuwa da 40. Ta fi kama 'yan mata, kuma takan biyo bayan wata doguwar jinya. Wahalarta ita ce ba a gani a fuska, shi ya sa ake cewa yarinya ta cika son jiki. Masu ita suna samun sauƙi da yawan shan ruwa, da tashi daga shimfiɗa a hankali, da motsa jiki daki-daki. Likita kan ce a ƙara gishiri, amma wannan shawararsa ce, ba ta ƙawa ba. A ganina, ɗalibin da ya kawo takardar asibiti ya cancanci kujera a bayan layi, babu dogon turanci.

Sai dai ba kowace suma ake jira ta wuce ba. Wanda ya suma yana tsakiyar gudu ko ƙwallo, ko yana kwance, ko ya ji ciwon ƙirji kafin ya faɗi, ko a danginsu an taɓa samun matashi ya mutu farat ɗaya, wannan asibiti za a kai shi a ranar, a duba zuciyarsa da gwajin ECG. Haka wanda ya wuce minti biyu bai farka ba: a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Mai suma kan ɗan yi fizge-fizge na 'yan daƙiƙu, don haka kada ku yanke cewa farfaɗiya ce. Mai farfaɗiya yakan ciji gefen harshe, ya kuma daɗe a ruɗe bayan ya tashi, mai suma kuwa nan da nan yake gane mutane.

'Yan matan da jinin al'ada ke zubar musu da yawa su nemi a auna jininsu, domin ƙarancin jini na ƙara jiri, kuma gwajin ba shi da tsada. Duk wanda abin ke maimaita masa ya samu ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ranar, da abin da yake yi a lokacin, da abin da ya ci, da abin da waɗanda suka gani suka faɗa. Ya tafi da shi ranar ganin likita.