Kafin Tseren Keke a Duwatsun Adamawa, a Gyara Gefen Kwalta

Duk wanda ya fita bayan gari ta wajen Wuro Hausa da sassafe, a ranar da ruwan dare ya wanke sama, zai hango duwatsun Vere sun yi shuɗi-shuɗi ta kudu. In ya bi ta Jimeta ya haye gadar Binuwai, ga duwatsun Bagale sun tare masa gaba. Mu mutanen Yola a kwari muke zaune, duwatsu sun sa mu a tsakiya, amma yawancinmu ta gilashin mota muka san su, muna gyangyaɗi a kujerar baya ana sheƙa gudu da mu zuwa Mubi ko Ganye.

Ni a kan keke na san su, shi ya sa maganar da ke yawo a bakin samarin unguwarmu ta shafe ni. Tun da aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karon farko da aka kawo ta Afirka, suka ga tuddan Ruwanda a wayoyinsu, suke cewa ai mu ma muna da irin wannan ƙasa, me zai hana a shirya babban tsere a Adamawa? Gaskiyarsu, muna da ita. Inda muka rabu da su shi ne wurin farawa. Su suna hangen tsere da kekuna masu tsada, ni kuwa ina ganin da gefen kwalta ya kamata a fara.

Hanyar da na fi sani ita ce ta arewa. Daga gada ka wuce Vinikilang, ka wuce ƙofar Jami'ar Modibbo Adama, ka shiga Girei, duk wannan ɗumama jiki ne, babu abin fama sai cunkoson Keke Napep da tifofin yashi. Bayan Jabbi Lamba ne ƙasa ke fara tudu da kwari. Hawa ne mai tsawo wanda ido ba ya gani sai cinya ta faɗa maka, sannan gangara inda za ka saki feda iska ta busar maka da gumi. Mai mota zai rantse hanyar a shimfiɗe take. Kana doso Song, kimanin kilomita 70 daga Jimeta, sai wasu duwatsu uku da ke tsaye a jere su bayyana. A mota kafin ka nuna wa na kusa da kai sun wuce. A keke kuwa za ka daɗe kana kallonsu suna ƙara girma, launinsu na juyawa daga toka-toka zuwa ja-ja yayin da rana ke ɗagawa, ga shanu ana korawa kiwo, ga hayaƙin masu tuyar ƙosai a bakin hanya. Wanda ya isa Song da ƙarfin ƙafarsa, shayin da zai sha a tasha ba irin na kowa ba ne.

Gaba da Gombi abin ya fi haka. A ƙasar Kilba, wajen Hong, duwatsu ne manya ɗaya bisa ɗaya, gidaje a gindinsu. In ka miƙa Michika da Madagali ka shiga jerin duwatsun Mandara, masu kwazazzabai masu zurfi da gonakin da aka tokare da duwatsu hawa-hawa. Can ne Sukur take, wadda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta farko a Najeriya. Can kam a gindin dutse ake jingine keke, a taka hanyar da kakanninsu suka shimfiɗa da duwatsu. Ta kudu kuma akwai hanyar Ngurore, Mayo Belwa, Jada, Ganye har Toungo, duwatsun Alantika na mutanen Koma a gefe guda, na Shebshi a ɗaya gefen, inda Dimlang ya haura mita 2,000. Sai uwa uba hawan Mambilla daga Mayo Selbe, wanda ya faɗa Taraba da aka raba Gongola a 1991: kwana bayan kwana, nan dutse can rami, har ka fito kan tudu mai kimanin mita 1,600 inda ake neman rigar sanyi da rana tsaka.

To amma hanyoyin nan ba zaman jiran 'yan tsere suke ba. Akwai masu keke a kansu tun kafin a haifi samarin da ke wannan magana. Fito bakin gada bayan sallar asuba ka gani. Masu gawayi ne da buhu-buhu a kan kariya, an ɗaure da igiyar robar da aka yanko daga tsohon tub. Masu itace, masu jarkoki, 'yan makaranta biyu-biyu a keke ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa sai aka samu ƙari: masu gadi, leburori, malaman firamare. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da suka yi shekaru a jingine a zaure an kakkaɓe su an kai wurin mai gyara.

Wata safiya ina dawowa daga wajen Jabbi Lamba na riski wani dattijo a tsakiyar hawa. Phoenix ce, giya ɗaya, birkin ƙarfe, buhunan gawayi sun fi kansa tsawo. A tsaye yake kan feda da silifas, yana karkata keken hagu da dama, jijiyoyin wuyansa sun fito. Ni da nake kan keke mai giya, ba komai a bayana sai gorar ruwa, da ƙyar na jera da shi.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Ba ka sauka ka tura ba?"

Ya ce, "Ɗana, in na sauka kayan rinjayata za su yi. Ai hawa ba komai ba ne, tirela ce matsala."

Ba mu kai ƙarshen tudun ba sai ga ta kuwa a bayanmu, tana danna hon. A wurin ruwan damina ya cinye ƙasar gefe, kwalta ta yi gaɓa kusan taƙi guda. Na ga yadda ya cije, ya saki keken ya faɗa gaɓar da kayansa, taya ta nutse cikin yashi, ya sa ƙafa ɗaya ya tokare har tirelar ta wuce ta bule mu da ƙura. Sai da muka haɗa hannu muka mayar da keken kan kwalta. Mai keke a irin wannan wuri zaɓinsa biyu ne: ya tsaya a kan kwalta iskar babbar mota ta fizge shi, ko ya diro gaɓa da nauyin da ya kusa nasa. A gangara abin ya fi muni, domin birkin ƙarfe ba ya kamawa da kyau in garen taya ya jiƙe, ga kaya na tura ka daga baya.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin wannan ba sabon abu ba ne da za a ƙirƙiro. A ƙa'idar manyan hanyoyin tarayya, faɗin titi mita 7.3 ne, sannan a bar kafaɗa ta mita 2.75 a kowane gefe. A takarda kafaɗar tana nan. A ƙasa kuwa, inda ba a zuba mata kwalta ba, damina biyu ko uku ta ishe ta, sai ta koma kwata da ciyawa. Na yaba da gadojin saman da aka gina a Jimeta cikin 'yan shekarun nan, sun rage cunkoso, sun ƙawata gari. Amma da kaɗan daga cikin irin wannan kuɗi za a iya lulluɓe kafaɗar hanya daga gada zuwa Song, a ja farin layi, a yi magudanar da za ta hana ruwa sake cinye ta. Hanyar ta tarayya ce, na sani. Wannan aikin 'yan majalisarmu ne a Abuja, su da gwamnatin jiha, su matsa har a sa shi a kasafi.

Samarinmu da ke sha'awar Ruwanda su duba asalin abin. Tseren zagaye ƙasar da ake yi a can ya fara ne a 1988, bai shiga jadawalin duniya ba sai 2009. Da yawa daga cikin 'yan tawagar ƙasar na farko masu dakon kaya da fasinja ne a keke, suna hawa tuddai da buhunan dankali, wato irin dattijon can nawa a ƙuruciyarsa. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a tseren Faransa na 2024, ya taso ne a Asmara, birnin da ke sama da mita 2,300, inda keke abin hawan kowa ne. Mu fa? A wasannin Olamfik na Paris a shekarar ta 2024, 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye sai aron keke ta yi a hannun Jamusawa kafin ta shiga ɗaya daga cikin gasanninta. Gwani ba ya fitowa sai daga cikin taro mai yawa, taro kuwa ba ya hawa hanyar da iyaye ke tsoron barin 'ya'yansu su hau.

Za a ce mini tsaro fa? Magana ce mai nauyi. Duk ɗan Adamawa na tuna 2014, lokacin da Madagali da Michika da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, Yola ta cika da 'yan gudun hijira. An ƙwato garuruwan, amma har yanzu ba zan ce wa kowa ya ɗauki keke shi kaɗai ya nufi Madagali ba. Ga masu garkuwa da mutane da ke fakewa a duwatsu, ga ɓarayin da ake kira 'yan shila a cikin gari da ke sa mai fitowa da duku-duku ya ɓoye wayarsa. Shi ya sa na zaɓi hanyar Song: kusa take, ba ta rabuwa da jama'a, ƙauyuka a jere. Sauran su biyo baya idan hali ya yi.

Zafi ma gaskiya ne. A Maris da Afrilu ma'auni kan wuce 40 a Yola, babu mai hankalin da zai shirya tsere a lokacin. Namu lokacin Disamba da Janairu ne, da sanyin hunturu, sai dai a kula da hazo, a sa riga mai ɗaukar ido don direba ya hango mutum daga nesa.

Abin da ya fi waɗannan wuyar magani shi ne raini. A wurinmu keke alamar rashi ce, mutum na samun hali yake jefar da shi ya sayi babur. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, har mota ta ture shi a kwata a Abuja yana kan nasa. Mutane suka yi ta dariya, aka bar maganar a nan. Ni abin da na gani a labarin shi ne ko minista bai samu wurin da zai bi da keke a babban birnin ƙasa ba. Direban da ya raina mai keke ba zai rage masa gudu ba, injiniyan da ya raina shi kuma ba zai tuna da shi ba ranar da yake zana hanya.

Don haka ga abin da nake nema. A gyara kafaɗar hanya daga gadar Jimeta zuwa Song, don mai gawayi da ɗan makaranta tukuna. In an gama, a zaɓi safiya ɗaya a watan Disamba, wadda ba ta faɗo ranar kasuwar Girei ko ta Song ba, jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda su tsare hannu ɗaya na titi daga ƙarfe 6 zuwa 10. A nemi albarkar fadar Lamiɗo, hakimai su yi shela a ƙauyuka, a ajiye masu faci da randunan ruwa a Jabbi Lamba. A raba rukuni biyu, na masu keken tsere da na masu giya ɗaya, kuma kyautar rukuni na biyu kada ta gaza ta na farko: sabon keke, tayoyi, sarƙa, kuɗin hannu. Yaron da ya zo na ɗaya a cikin masu Phoenix, hukumar wasanni ta jiha ta ba shi aron keken tsere da mai horarwa, shekara na zagayowa a kai shi Mayo Selbe a ga yadda za su ƙare da hawan Mambilla.