Tsada Ko Saɓa Magana? Darasin Rigimar Tabarau Na Oculus Ga Ɗan Kasuwa

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwa ƴan kasuwar bakin iyaka, sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, kan wata haja da galibinmu ba mu taɓa sarinta ba. Amma rigimar da ta tashi tsakanin masu hajar da masu saye, irin wadda muke gani ce kullum a rumfunanmu na Maraɗi da Jibiya da Ƙonni da Illela. Hajar ita ce wani tabarau na kwamfuta da ake kira VR. Ana ɗaura shi a kai ya rufe idanu ruf, a cikinsa akwai ƙananan allunan hoto da gilasai biyu, kowane ido da nasa. In mutum ya juya kansa sai hoton ya juya tare da shi, har ya ji kamar yana tsaye ne a cikin wurin da ake nuna masa. Ana buga wasanni da shi, ana kallo, wasu kamfanoni kuma suna horar da ma'aikata da shi.

A ranar 6 ga watan Janairun 2016 ne kamfanin Oculus, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 2, ya fara karɓar odar tabaransa mai suna Rift, ya kuma yanka masa kuɗi dala 599. Dalar Amurka muke nufi a duk wannan sharhi, ba dalar sefa ba. A ƙasashen Turai masu amfani da yuro an sa masa yuro 699, wato kusan jikka 458 na sefa, ban da kuɗin aikowa. Ƙasashe 20 aka ce za a fara aika shi, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu. Kafin rana ta faɗi, mutanen da suka shekara uku suna jiran wannan kaya, suna yabonsa, su ne suka koma suna zagin kamfanin.

Tambayar a nan ita ce, me ya fusata su? Wanda ya duba sama-sama zai ce tsada ce kawai. To amma mu bi maganar daga tushe. Wanda ya kafa kamfanin, wani matashi ne mai suna Palmer Luckey, wanda a lokacin shekarunsa 23. A 2012 ya nemi jama'a su taimaka masa da gudummawar dala dubu 250 don ya ƙera tabaran, sai suka tara masa kusan dala miliyan 2 da dubu 400. Samfurin gwaji na farko ya sayar da shi dala 300, na biyu kuma a 2014 dala 350. Don haka kunnen mutane ya riga ya saba da waɗannan lambobi. Sannan kimanin watanni uku kafin a buɗe oda, wani ɗan jarida ya tambaye shi ko kuɗin zai yi kusa da dala 350, sai ya amsa cewa wajen nan ne, sai dai zai fi haka. Bai faɗi yawan ƙarin ba. Mai saye kuwa da ya ji haka, sai ya ƙiyasta 400, ko 450 in ta yi tsanani, ya shiga tara kuɗinsa a kan wannan lissafi.

Kowane ɗan kasuwa ya san wannan hali. In ka ce wa mutum buhu zai kama wajen jikka 20, ya tafi ya dawo da kuɗinsa ka ce masa 34 ne, ba zai tsaya sauraron bayanin kuɗin mota da na duwan ba. Abin da zai riƙe shi ne ka faɗi magana ka canza. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Da tun farko 600 aka ambata, da wasu sun yi tsaki sun haƙura, wasu sun ci gaba da tari. Tazarar da ke tsakanin 350 da 599 ce ta yi zafi, domin masu saye sun ɗauke ta a matsayin kuɗin da aka ƙwace daga aljihunsu.

Abu na biyu da ya ƙara wa wutar mai shi ne abin da aka ce za a samu a cikin kwalin. Akwai tabaran da abin sauraro na kunne a jikinsa, da wata ƴar kamara da ake ajiyewa a kan tebur tana bin motsin kai, da ƙaramin rimot, da abin riƙewa a hannu na buga wasa irin na Xbox One, da wasan Lucky's Tale, sannan masu odar farko an ƙara musu wasan EVE: Valkyrie. Kamfanin ya ɗauka gyara ya yi wa masu saye. Su kuwa sai suka ce ba gyara ba ce, an ɗora musu kayan da ba su nema ba ne don a kumbura kuɗi. Da yawansu masu buga wasa ne, suna da irin wannan abin riƙewa a gida, wasu ma biyu. Suka ce a cire shi, a cire wasannin, a rage musu kuɗi.

A ɗaya gefen kuma, abin da suka fi so babu shi a kwalin. Kamfanin ya riga ya nuna wa duniya wasu na'urori biyu masu suna Touch, ɗaya a kowane hannu, waɗanda ke sa mutum ya ga hannayensa a cikin hoton, ya ɗauki abu ya jefa. Ƴan kwanaki kafin a buɗe oda aka sanar cewa an ɗage fitowarsu zuwa rabin shekara na biyu. Bayan wannan, tabaran ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da kwamfuta mai ƙarfi wadda kuɗinta ya kai wajen dala 1,000. Wato kwalin ya cika da abin da ba a tambaya ba, ya rasa abin da ake jira.

Luckey ya fito a ranar ya amsa tambayoyin jama'a. Ya amince cewa bai iya isar da maganar kuɗin ba, ya nemi afuwa. Ya ce lokacin da ya yi waccan magana, wasu jaridu suna yaɗa cewa tabaran zai kai dala 1,500, alhali wannan kuɗi na tabaran ne haɗe da kwamfuta, don haka a ransa yana auna 350 ne da 1,500. Ya ce kamfanin ba ya cin riba a kan tabaran, kuma abin riƙewa na Xbox kusan kyauta suke samunsa, wanda ba ya so ya sayar da nasa. Mai yiwuwa duk gaskiya ya faɗa. Sai dai bayanin da aka yi bayan an yanka kuɗi ba ya da nauyin wanda aka yi kafin nan. Ya kamata kuma a faɗi cewa duk da hayaniyar, oda ta yi yawa har wanda ya makara aka ce masa ya jira watanni. Da aka fara aikawa a ƙarshen Maris, ƙarancin wasu kayan haɗi ya sa an jinkirta wa mutane da dama, har kamfanin ya yafe musu kuɗin aikowa.

Abin da ya faru da abokan gogayyarsa ya ƙara fito da maganar fili. A watan Fabrairun 2016 kamfanin HTC na Taiwan ya sa wa nasa tabaran, Vive, dala 799, wato ya fi na Oculus da dala 200. An yi gunaguni, amma ba a yi irin waccan hayaniya ba. Dalili kuwa, HTC bai taɓa ɗanɗana wa mutane 350 ba, kuma kwalinsa ya zo da na'urorin hannu biyu da na'urori biyu na kafawa a kusurwoyin ɗaki. Da Touch ya fito a watan Disamba a kan dala 199, sai mai lissafi ya haɗa 599 da 199 ya samu 798. Ashe bambancin da ke tsakanin kayan biyu dala ɗaya ce. Wanda ya faɗi kuɗinsa gaba ɗaya ya tsira da mutuncinsa, wanda ya raba shi gida biyu ya sha zagi.

Shi kuma kamfanin Sony na Japan wata dabara ya yi. Ya sa wa tabaransa na PlayStation dala 399, mutane suka yi murna. Sai daga baya wasu suka lura cewa ba ya aiki sai da kamara, kamarar kuma ba ta cikin kwalin, sai an saye ta dabam a kan kusan dala 60. An yi ƙorafi, amma abin bai yi nisa ba, domin Sony ya fitar da wani kwali na dala 499 mai ɗauke da kamarar da na'urorin hannu, kuma miliyoyin mutane sun riga suna da injin wasan da ake haɗa shi da shi. Zuwa ƙarshen 2019 ya sayar da fiye da miliyan 5.

A 2017 kasuwa ta yi hukuncinta. A watan Maris Oculus ya rage kuɗin tabaran da Touch a haɗe zuwa dala 598, a cikin watan ne kuma Luckey ya bar kamfanin. A watan Yuli aka yi rangwame zuwa 399, a Oktoba aka tabbatar da wannan kuɗi. Wanda ya biya 798 ya ga kayansa ya koma rabin kuɗi cikin ƙasa da shekara. Mu ɗauka wani ɗan kasuwa ne ya sari kwali goma a farashin farko ya jibge a shago. Wannan ba kwantai kaɗai ba ne, uwar kuɗi ce ta tafi.

Maganar ba ta ƙare a can ba, domin har yanzu kamfanonin suna fama da ita. A 2020 Facebook, wanda daga baya ya koma Meta, ya fitar da Quest 2 a kan dala 299, ba ya bukatar kwamfuta, na'urorin hannu kuma suna cikin kwali, aka yi ta saye. Amma araha tana da mai biyanta, domin sashen Meta da ke wannan aiki ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2022, sama da biliyan 16 a 2023. A watan Fabrairun 2024 Apple ya fara sayar da Vision Pro a kan dala 3,499, a Faransa kuma daga baya yuro 3,999, wato sama da sefa miliyan 2 da jikka 600. Apple ya faɗi kuɗin tun watan Yunin 2023, don haka ba wanda ya ce an yaudare shi. Ƙorafin ya koma kan abin da ke biyo baya: nauyinsa ya haura giram 600, batirinsa dabam yake da igiya yana ɗaukar kimanin awa biyu, jakar tafiya dala 199, mai matsalar ido kuma sai ya ƙara 99 ko 149 na gilashi. Wasu sun mayar da shi cikin kwana 14 da kamfanin ya ba da dama.

To ina ruwan mai shago a bakin iyaka da wannan? Ruwansa biyu ne. Na farko, akwai wani ƙaramin nau'i na wannan tabarau da ke zuwa daga Sin cikin kayan waya, kwalinsa da hotuna masu ɗaukar ido. Shi ba kwamfuta a cikinsa, roba ce da gilasai biyu, ana zura waya a ciki. Google ya fito da irinsa na kwali a 2014, kuma shi da Samsung duk sun daina wannan layi. Hoton ba zai bi juyawar kai ba sai in wayar tana da ƴar na'urar da ke gane juyi, wayoyi masu araha da yawa kuwa ba su da ita. Wanda zai sari irin wannan ya gwada shi da wayoyin da mutanen garinsa suke riƙewa, kuma ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da zai gani. In ba haka ba, gobe zai dawo da kaya da ɓacin rai.

Na biyu ya shafi kowace haja, ko waya ce, ko fanka, ko farantin sola. Mu da muke ciniki tsakanin naira da sefa mun fi kowa sanin cewa kuɗin jiya ba na yau ba ne. Saboda haka in mutum ya ce ka ƙiyasta masa kuɗin kayan da bai iso ba, kada son riƙe shi ya sa ka ambaci na ƙasa. Gara ka faɗi na sama, in ya iso ka rage masa ya yi maka addu'a. In kayan ba ya aiki sai da batir ko caja ko waya, ka haɗa kuɗin duka ka faɗa masa tun kafin ya ce ya saya. In kuma za ka yi gyara, ta zama abin da yake so, kada ya ji kamar shi ya biya ta. Malamanmu sun daɗe suna faɗa mana cewa ɓoye aibin kaya yana cire albarkar ciniki.

A lokacin Oculus yana da dukiyar Facebook a bayansa, shi ya sa ya iya rage rabin kuɗi ya ci gaba da rayuwa. Mai rumfa ba shi da wannan, jarinsa bayan kayan da ke kan kanta shi ne mutane su yarda da bakinsa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga saɓa magana, amin.