Canjaras Ba Raba Daidai Ba Ne

Masu kallon wasa sukan raina canjaras, su ce ai ba wanda ya ci. A wasan darar ces, idan ƙarfin 'yan wasan bai zo ɗaya ba, ban yarda da wannan magana ba.

A watan Maris na 2004, a gasar da aka yi a birnin Reykjavik, an haɗa Garry Kasparov da wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 13, Magnus Carlsen. Kasparov na da shekara 40, shi ne na ɗaya a duniya, kuma ya riƙe kambun duniya tun daga 1985 har zuwa 2000. Tazarar makinsu a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa na Elo ta haura 300. Bisa lissafi, yaron ya zo a ci shi ne kawai.

Sai ga shi Kasparov ya dafe kai yana tunani, yaron kuwa ya tashi yana leƙen allunan wasu. Carlsen, wanda ke riƙe da fararen 'ya'ya, har ya yi rarar ƙaramin soja guda. Lokaci ne ya ƙure masa, gwanin ya yi amfani da gogewa ya kuɓuta, aka tashi kunnen doki.

Kowa ya samu rabin maki, amma ba abu ɗaya suka tafi da shi gida ba. Babban ya tsira da mutuncinsa da ƙyar. Ƙaramin ya gano cewa dodon da ake ba shi labari mutum ne, yana iya shiga matsi.

Wani zai ce ai Kasparov ya ci wasansu na biyu ya fitar da Carlsen daga gasar. Haka ne, kuma ba wanda ya ce yaron ya kai shi a lokacin. Amma bayan wata guda Carlsen ya samu babban muƙamin gwanayen wasan a Dubai. A 2009 Kasparov da kansa ya zama mai horar da shi, a 2013 kuma Carlsen ya doke Viswanathan Anand a Chennai ya zama zakaran duniya.

Yaron da kullum da sa'o'insa yake karawa ba zai san iyakar ƙarfinsa ba. Masu shirya gasa da malaman makaranta, ku daina ware yara gefe don gudun kada a ci su. Ku zaunar da su gaban manya.