Bayan aikin hanji, maganin sa fitsari ba ya gaggauta sauƙi

Daga ƙarshen damina zuwa kaka, zazzaɓin taifot kan yi yawa a Cadawa, Gazawa da Gidan Rumji. Idan ya kai mako biyu ko uku ba magani, yana iya huda ƙaramin hanji, sai a garzaya da maras lafiya Maradi a yi masa tiyata. Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, amma kuɗin mota, abinci da zaman jinya suna wuyan iyali. Shi ya sa kowa ke neman abin da zai sa a sallame shi da wuri.

A nan ne ake ambatar Lasilix, maganin sa fitsari da ake samu har a teburan masu sayar da magani a kasuwa. Dalilin yana da kan gado: ruwan da ake ƙara wa mutum lokacin aiki yakan taru a jiki, hanji ya kumbura, ya yi jinkirin motsi. Sai dai likitocin asibitin Mayo na Amurka sun gwada shi a kan waɗanda aka yi wa aikin babban hanji, kuma sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna bai rage kwanakin jinya ba.

A wajenmu haɗarin ya fi haka. Wanda taifot ya huda wa hanji yakan iso a rame, amai da zazzaɓi sun ƙarar masa da ruwa. Kumburin ƙafarsa bayan aiki sau da yawa na rashin abinci mai gina jiki ne. Idan aka ɗura masa Lasilix, sauran ruwan ya fita tare da sinadarin fotasiyam, hanji ya ƙara kwanciya, ƙoda ta wahala. Likita ne kaɗai ke iya tantance wanda ke bukatarsa.

Abin da ke taimako sananne ne: tashi a taka da wuri, fara kunu da zarar likita ya yarda, sannan wake, ƙwai da nono. Kwanakin da aka fi asara kuwa su ne na gida, ana jiƙe-jiƙe ciki na kumbura. Burkina Faso ta fara yi wa yara rigakafin taifot a Janairun 2025. Rigakafi da ruwan sha mai tsabta ne za su rage yaranmu da ke hawa teburin tiyata.