Wasiƙa Zuwa Ga Magina: Kada Ku Saki Jar Ƙasa

Zuwa ga sarakunan magina, da gwanayen gini, da birkiloli, da yaran da ke miƙa musu kwaɓi,

Ina neman izininku in sa baki a sana'ar da kuka fi ni sani. Ni ba magini ba ne, mai kwana ne a cikin abin da kuka gina, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ke damuna shi ne, yau idan mutum ya ce ginin ƙasa yake so, magini ne zai fara yi masa kallon wanda talauci ya kayar. Sai a tura shi sayen bulo da siminti, a rufa kwano, bazara na shigowa iyali su kwashe tabarmi su koma tsakar gida, don ɗakin ba ya shiguwa. Alhali da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, aka yi kusan shekara 190 ana sallah a ciki kafin wani ɓangarensa ya rufta a watan Agustan 2023. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da ƙasa kuma Falke Barmu ya fara masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ba injiniya ba ne, magini ne irinku.

Ba cewa nake a tsaya kan tubali kaɗai ba. Akwai wata hanya da aka daɗe ana bi a Maroko da Sin, wadda nake roƙon ku koya. Ana kafa allunan katako biyu fuska da fuska, a bar tsakaninsu kaurin bango, kamar santimita 40. A zuba ƙasa mai ɗan danshi, tsayin santimita 10 zuwa 15, a kirɓe ta da ƙarfi har sai ta daina nutsewa, sannan a ƙara wani zubin. Kamar daɓen da iyayenmu mata ke yi wa ɗakin amarya ne, sai dai wannan a tsaye yake. Da an cika, sai a kwance allunan a matsa gaba. Bangon da ya fito yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barin sa ya kai ciki sai dare ya yi.

Sirrin duk yana wajen zaɓen ƙasa, kuma a nan ne ganganci ke kashe aiki. Laka zalla tana tsagewa idan ta bushe, yashi zalla ba ya kamawa. Ana son yashi da tsakuwa su rinjaya, yumɓu ya zama kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku. Baƙar ƙasar saman gona ba ta gini, a yaye ta a bar wa manomi. Ku zuba ƙasar a kwalba da ruwa, ku girgiza, ku bari ta kwana, za ku ga kowane iri ya kwanta daban. Danshi kuwa, a dunƙula a hannu a saki daga daidai ƙirji. Idan ta fashe gida kaɗan, ta yi. Idan ta zauna a dunƙule, ruwa ya yi yawa. Wanda ya saba da kwaɓin tubali hannunsa zai riƙa kai wa ruwa, sai ya yi ta kama kansa.

Ruwa ne abokin gabar wannan gini, ta ƙasa da ta sama. Ku ɗaga harsashi da dutse ko kankare ya haura ƙasa sosai, yadda ruwan da ke kwanciya a lungu ba zai taɓa bango ba. Rufi ya zarce bango, indararo ya jefa ruwa nesa. Ku kuma daina shafe bangon ƙasa da filastar siminti mai kauri. Tana tsare danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ta ɓallo gaba ɗaya. Yaɓen makuba ya fi ta dacewa, ko da zai buƙaci sabuntawa.

Sai maganar tsoffin kaya. Duk gidan da aka rushe a cikin birni taska ce: azarar giginya da ta ƙi gara shekara da shekaru, ƙyauren katako, tagogin ƙarfe, fasassun bulo da za su shiga cikon harsashi. Ƙasar tsohon bangon ma, in ba a haɗa ta da siminti ba, ana farfasa ta a sake gini da ita. Ƙasar da aka haƙo daga ramin masai ko na tushe, a gwada ta kafin a biya tifa ta kwashe. Wannan ya fi a je ana yagar badalar Kano, ko a ƙara mana wani kududdufin a bayan gari. Amma ku duba kowace azara da kyau, wadda ta ruɓe daga ciki ba ta da wurin zuwa sai murhu.

Masu cewa zamani ya wuce ginin ƙasa su je Dandaji a Nijar. A 2018 aka kammala sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, tsohon masallacin kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, da hannun maginan yankin. Irin wannan aiki leburori yake ci fiye da siminti, wato kuɗin yana zama a aljihun 'yan gari.

Kada ku koyi aikin a kan ɗakin kwanan mutane. Kowane sarkin magina ya tara yaransa da rani, a daɓe 'yar katanga guda a fili, a bar damina ta gwada ta. Idan ta tsaya, ku kira masu unguwa da kwamitocin masallatai da na makarantu su zo su gani da idonsu.

Allah ya yi wa sana'arku albarka. Wassalam.