Kuɗin Lafiyar da Birtaniya ke Karɓa daga Abokan Aure Baƙi

Baƙon da ya auri 'yar Birtaniya, ko baƙuwar da ta auri ɗan ƙasar, sai ya yi shekara biyar a can da bizar iyali kafin a ba shi izinin zama na dindindin. A tsawon shekarun nan ba a neman ya nuna takardar inshorar lafiya, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Maimakon haka, ana karɓar wani kuɗi na musamman a lokacin neman biza, wanda ke ba shi damar yin magani a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wato NHS. Ko da yana da inshora ta ƙashin kansa, ba a ɗauke masa wannan kuɗi. Tsarin, a yadda yake yanzu, bai yi wa abokan aure adalci ba.

An fara karɓar kuɗin ne a watan Afrilu na 2015, a kan fam 200 a shekara. Ya koma fam 400 a 2019, ya kai fam 624 a 2020, sannan a watan Fabrairu na 2024 ya haura zuwa fam 1,035. Ke nan ya ninka fiye da sau biyar cikin shekara tara. Bizar farko ta wanda ke tahowa daga waje wata 33 ce, amma ana lissafa ta a matsayin shekara uku cur, wato fam 3,105. Sabuntawar da ke biye wata 30 ce, kuɗinta fam 2,587.50. Jimilla fam 5,692.50 ke nan, ban da kuɗin bizar kanta. Yaron da ba ɗan ƙasa ba kuma ana biya masa fam 776 a kowace shekara.

Hujjar gwamnati ba a yasar da ita. Tun kafuwar NHS a 1948, da harajin jama'a ake gudanar da ita, saboda haka ana ganin bai kamata wanda ya shigo jiya ya ci moriyarta ba tare da ya sa hannu ba. Wannan magana tana da ƙarfi a kan mai zaman wucin gadi, wanda zai koma gida bayan ɗan lokaci.

Sai dai abokin aure ba mai wucewa ba ne. Dokar da kanta ta ɗora shi a kan hanyar zama na dindindin, ta kuma ba shi izinin aiki. Da zarar ya sami aiki, ana cire masa haraji daga albashinsa kamar kowa, kuma daga harajin nan ne ake ɗaukar nauyin asibitoci. Ashe ya biya sau biyu ke nan a kan hidima guda. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta ɗauke kuɗin daga kan baƙi ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi. In har bai dace a karɓa daga ma'aikaciyar jinya ba, da wuya a kare karɓarsa daga direban bas da ke biyan haraji iri ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce yadda ake biya. Ana buƙatar kuɗin gaba ɗaya, kafin mai nema ya taka ƙasar, balle ya karɓi albashin farko. A kan wannan kuma, tun daga Afrilun 2024 sai ma'aurata sun nuna kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara, bayan da can fam 18,600 ne. Magidancin da matarsa ke Kano ko Kumasi kan ɗauki watanni yana tari, ko ya ci bashi, yayin da 'ya'ya ke girma nesa da ɗaya daga cikin iyayensu. Akwai hanyar neman a yafe kuɗin, amma sai mutum ya tabbatar da hujjoji cewa ba shi da halin biya.

Jamus ta bi wata hanya. A can ma dole ne kowa ya kasance da inshorar lafiya, kuma ana duba ta wajen ba da izinin zama. Amma idan miji ko mata na cikin inshorar gwamnati, ana sanya abokin auren da ba shi da kuɗin shiga mai yawa a cikinta ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da ya fara aiki sosai, sai a riƙa cire nasa kason daga albashi, daidai gwargwadon samunsa.

Birtaniya ba sai ta soke kuɗin ɗungurungum ba. Ya isa ta bari a riƙa biyansa kashi-kashi a kowane wata, sannan ta mayar wa abokin aure kuɗin duk watannin da ya yi yana aiki yana biyan haraji, kamar yadda ta tsara wa masu hidima a fannin lafiya. Kafin a kai ga haka, wajibi ne ma'auratan da ke shirin wannan tafiya su sa kuɗin sabuntawa cikin lissafinsu tun daga ranar farko, domin wata 33 ba ta da nisa.